Ɗan Sanda a Gaban Allo: Me Zai Raba Yaran Wasagu da Ƙwaya?

Da sanyin safiya a tsakiyar damina, tun kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, teburin mai shayi ya cika. Ga 'yan ƙwadago da fartanyoyi a kafaɗa, ga 'yan kabu-kabu suna ɗumama babura, ga masu dako suna jiran motar farko. A cikinsu ba a rasa wanda zai zaro kati daga aljihu, ya ɓalle ƙwaya biyu, ya kora da shayi. Ba ya ɓoyewa, domin a wajensa ba abin kunya ba ne. In an tambaye shi, zai ce maganin gajiya ne, ko maganin ƙarfi.

Haka abin yake a garuruwan noma da dama na Arewa, kuma ƙasar Wasagu ba ta fita daban ba. A gefen teburin akwai yaro ɗan shekara 12 sanye da kayan makaranta, an aiko shi sayen burodi. Ya ga abin da aka haɗiya, ya ji sunan da aka kira shi da shi. In an tashi daga makaranta shi ma gona zai nufa, kuma shi ma zai gaji.

Darasin farko ke nan da yaron ya samu a kan ƙwaya, kuma daga mutanen da yake ganin girmansu ya same shi. Darasi na biyu, in ya zo, mai yiwuwa daga bakin jami'i mai kaki zai fito, domin a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Najeriya da hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, sun mayar da hankali ga shiga makarantu don faɗakar da ɗalibai. Abin tambaya shi ne: yaya za a yi darasin mai kaki ya rinjayi na teburin mai shayi?

Ƙasar noma da jarumta

Wasagu na ɗaya daga cikin ƙasashen sarauta biyar da suka haɗu suka zama Masarautar Zuru, tare da Dabai da Danko da Fakai da Sakaba. A tsarin mulki tana cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu mai hedikwata a Ribah, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da Neja. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 260,000, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin.

Ƙasa ce mai albarkar dawa da masara da shinkafa da gyaɗa da wake, kuma kasuwar Bena ta yi suna wajen hatsi da dabbobi. Dakarkari da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu suna zaune tare, haka ma Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, wani lokaci a cikin zuri'a ɗaya.

An san ƙasar Zuru da juriya. Al'adar golmo ta Dakarkari, inda saurayi kan shafe shekaru yana yi wa surukansa noma kafin a ba shi mata, makaranta ce ta haƙuri da ƙarfin hali. An kuma san ta da aikin kaki tun zamanin Turawa, har da wuya a sami babban gida da bai ba ƙasa soja ko ɗan sanda ba. Saboda haka yaron Wasagu ba ya ganin kaki a matsayin baƙon abu. Rigar kawunsa ce ko ta yayansa. Wannan jari ne da wurare da yawa ba su da shi.

Sai dai shekarun baya-bayan nan sun yi wa yankin nauyi. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba, kuma kwanaki kaɗan bayan haka suka afka wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. An dawo da yaran bayan kusan mako guda, amma an rufe makarantu da dama na wani lokaci, kuma fargabar ba ta bar zukatan iyaye ba.

Don haka in aka ambaci ɗan sanda da makaranta a lokaci guda, abin da uba zai fara tunani shi ne gadin ƙofa, kuma yana da gaskiya. Amma matsalar tsaro da ta ƙwaya a haɗe suke, ba a maganin ɗaya a bar ɗaya.

Girman matsalar

Binciken ƙasa mafi faɗi a kan shaye-shaye shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, aka fitar da shi a farkon 2019. Ya gano cewa mutum miliyan 14 da 'yan kai, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Wato kusan mutum ɗaya cikin bakwai, fiye da ninki biyu na matsakaicin adadin duniya.

Tabar wiwi ce a kan gaba da mutum sama da miliyan 10. Masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba sun haura miliyan huɗu da rabi, masu shan maganin tari don maye kuma sun haura miliyan biyu. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce. A Arewa maso Yamma, inda Kebbi take, adadin ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari, wato mutum wajen miliyan uku.

Binciken bai ƙidaya 'yan ƙasa da shekara 15 ba, alhali a nan ne mutane da yawa ke farawa. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai ya wuce shekara 20, musamman sashen da ke auna sakamako da danne son rai. Wanda ya fara sha da wuri ya fi saurin kamuwa da jaraba, kuma ya fi wahalar rabuwa da ita. Jinkirta farawa ko da da shekaru biyu ne babbar nasara ce.

Ta ina take shigowa?

Abin da ke yi wa ƙauyuka illa ba hodar iblis ta masu kuɗi ba ce. Magungunan asibiti ne da aka karkatar: tiramadol, maganin tari mai kodin, diyazafam, roci da egzol. Sai wiwi, da sholisho na masu faci, da zaƙami da ke tsirowa a bayan gari. Akwai kuma giyar leda mai arha da sauƙin ɓoyewa, wadda hukumar NAFDAC ta daɗe tana faɗi-tashin hana sayar da ita.

Tiramadol da doka ta yarda likita ya rubuta mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa, akasari daga Indiya, yakan kai 200 ko 225. Yawan shansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma in jiki ya saba, rashinsa na haddasa ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci. Sai mai sha ya ɗauka rashin lafiya ce ta kama shi, ƙwayar kuma ita ce magani. A nan tarkon yake.

A 2018, bayan wani binciken BBC a kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokar tiramadol. Masu safara suka koma wasu ƙwayoyin. A Fabrairun 2025 wani binciken na BBC ya bankaɗo yadda ake turo wani sabon haɗi mai haɗari zuwa Afirka ta Yamma, Indiya ta hana shi nan take. A Kano, a 2024, an tashi kasuwar magani ta Sabon Gari aka mayar da dillalai cibiyar Dangwauro don a iya sa musu ido. Duk da haka ƙwaya na isa ƙauye ta hannun wasu masu kemis marasa tsoron Allah da 'yan tallar magani a ranar kasuwa. Muddin akwai mai nema, ba za a rasa mai kawowa ba.

Yaron karkara kuwa ta ƙofa huɗu ake samunsa. Ta farko aiki: noman ƙwadago, dako, acaɓa, ko ramukan haƙar zinari na Zamfara da Yawuri, inda ake auna mutum da yawan abin da ya yi a yini. Ta biyu abokai, musamman a wuraren biki da majalisar dare. Ta uku gida, in akwai babba mai sha da ke aiken yaro sayowa. Ta huɗu fargaba: yaron da ya ga an kashe mahaifinsa, ko ya kwana a daji yana gudun tsira, yana neman abin da zai sa shi barci.

Daga nan hanyar daji ba ta da nisa. NDLEA ta sha bayyana kama ƙwayoyin da ake shirin kai wa sansanonin 'yan bindiga. Babur ɗin da ke kai musu mai da burodi shi ke kai ƙwaya, kuma saurayin da jaraba ta kama, aljihunsa babu ko sisi, shi ne mafi sauƙin mayarwa ɗan aike ko infoma.

Kaki ya shiga makaranta

Babban shirin 'yan sanda a wannan fage shi ne POCACOV, gangamin yaƙi da ƙungiyoyin asiri da sauran miyagun ɗabi'u. A rundunar Jihar Enugu ya faro, aka mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu. Jami'ansa kan ziyarci makarantu su yi magana a kan ƙwaya da daba da satar jarrabawa da zaɓen abokai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba aikin haɗa kai da al'umma gurbi na musamman, kuma tun shekarun 1980 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, a matakin ofisoshin yanki.

NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye, WADA, a ranar 26 ga Yunin 2021 a ƙarƙashin shugabancin Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya. Tun daga lokacin jami'anta ke gabatar da laccoci a makarantu da masallatai da majami'u da tashoshin mota a faɗin ƙasar. A 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya da hukumar suka amince a ƙarfafa darasin ƙwaya a manhajar sakandare.

Salon ziyarar kusan iri ɗaya ne ko'ina. A tara ɗalibai ɗaruruwa a fili ko zauren taro, jami'i ya riƙe lasifika, ya jero sunayen ƙwayoyi da illolinsu, ya ambaci hauka da gidan yari da mutuwa. A amsa tambaya biyu ko uku, yara su ɗaga hannu su yi alkawari, a ɗauki hoto, a watse. Niyyar kyakkyawa ce, kuma jami'an da ke yi, sau da yawa da kuɗin man aljihunsu, sun cancanci yabo. Amma an gwada irin wannan salo a wata ƙasa shekaru masu yawa, an kuma auna sakamakonsa.

Abin da Amurka ta koya

A 1983 shugaban 'yan sandan birnin Los Angeles, Daryl Gates, ya haɗa kai da hukumar makarantun birnin suka kafa shirin DARE. Ɗan sanda cikin kaki ke shiga aji mako-mako, ya koyar da 'yan ƙarshen firamare darussa 17 a kan illar ƙwaya da yadda za su ce a'a. Iyaye suka so shirin, 'yan siyasa suka rungume shi, har ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na gundumomin makarantun Amurka. Ya tsallaka ƙasashe da dama, ciki har da Brazil, inda 'yan sanda suka fara nasu a 1992.

Da masu bincike suka bi sawun yaran, sai labari ya sha bamban. Wani babban nazari a 1994 ya nuna tasirin shirin a kan shaye-shaye ƙanƙani ne ƙwarai. A 2003 ofishin binciken majalisar dokokin Amurka ya duba nazarce-nazarcen dogon zango, ya ce babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin yaran da suka yi shirin da waɗanda ba su yi ba. Yaran sun san sunayen ƙwayoyi da illolinsu, amma sani bai hana su sha ba.

Dalilan a fili suke. Tsoratarwa da abin da zai faru bayan shekara 20 ba ta kama zuciyar ɗan shekara 13. In an ce masa duk wanda ya sha zai haukace, alhali yana ganin maƙwabcinsu na sha yana kuma zuwa gona, sai ya daina gaskata sauran maganar. Yawan nanata cewa matasa duk sun lalace kuma na sa yaro ya ɗauka kowa na sha, shi kaɗai aka bari a baya.

A 2009 DARE ya sauya manhaja. Aka rage jawabi, aka ƙara tattaunawa da wasan kwaikwayo, inda yara ke gwada matakai huɗu da bakinsu: ƙin karɓa, bayyana dalili, kauce wa wurin da ake sha, da tashi a bar wurin in an matsa. Ƙa'idojin rigakafi da UNODC ta fara fitarwa a 2013 sun tafi a kan wannan fahimta. Sun lissafa lacca zalla da tsoratarwa da gabatar da tsofaffin mashaya a cikin abubuwan da ba sa haifar da ɗa mai ido, har ma da barin koyar da shirin a hannun 'yan sanda.

Abin da aka gwada a gida

Najeriya ba ta buƙatar zuwa nesa neman mafita. Tsakanin 2015 da 2016, ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNODC da NDLEA da NAFDAC, da tallafin Tarayyar Turai, sun gwada shirin Unplugged a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya sama da 30. Darussa 12 ne na kusan awa guda-guda, kuma malamin aji ne ke koyarwa bayan horo na 'yan kwanaki. Ana koya wa yara yanke shawara, jure matsin abokai, sarrafa fushi da damuwa, da gane cewa masu sha ba su kai yawan da suke zato ba. Sakamakon ya nuna raguwar shan barasa a tsakanin ɗaliban da suka yi shirin, da gyaruwar tunaninsu game da ƙwaya.

Ƙasar Iceland ta bi ta wata hanyar. A 1998 kusan kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kusan kashi biyar. Abin da suka yi shi ne cika lokacin yara da wasanni da ayyukan fasaha bayan makaranta, sa iyaye su san inda 'ya'yansu suke da dare, da tsaurara dokar sayarwa. Ƙasa ce mai arziki, amma filin ƙwallo da kulawar iyaye da hana yawon dare ba su fi ƙarfin Wasagu ba.

Kowa da mahangarsa

Masu goyon bayan shigar 'yan sanda aji suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa yaron karkara ba ya haɗuwa da ɗan sanda sai a shingen hanya ko ranar kame. In ya san wani jami'i da suna, ya taɓa yi masa tambaya ya sami amsa cikin mutunci, zai iya zuwa wurinsa ranar da wani ya ba shi saƙo ya kai daji. A yankin da bayanan sirri ke ceton rayuka, wannan amana ta fi motar sintiri daraja. Kuma ɗan sanda ya fi kowa sanin abin da doka ta ce da yadda diloli ke yaudarar yara.

Malamai kan yi maraba da ziyarar, amma kokensu shi ne bayan baƙi sun tafi su ake bari da yaran, ba horo ba littafi. Malamin da ke riƙe da aji mai ɗalibai 80 zai ga yaro na gyangyaɗi kullum, maki na zubewa, idanu sun kaɗa, amma abin da ke hannunsa bulala ce ko kora. Korar kuwa miƙa yaron ce kai tsaye ga majalisar da ta lalata shi.

Iyaye da matasa da yawa suna da nasu ɗari-ɗarin. Taken rundunar shi ne ɗan sanda abokin kowa, amma yaro na auna taken da abin da yake gani a hanya. In ya ga ana karɓar na goro a shinge, ko an kama dila yau an gan shi a kasuwa jibi, laccar gobe ta mutu tun kafin a fara ta. Akwai kuma fargabar cewa yaron da ya buɗe baki ya faɗi abin da ke faruwa a gidansu zai jawo kame, ko ramuwar gayya daga waɗanda aka tona.

Wasu kuma tambayarsu ita ce ina jami'an suke? 'Yan sandan Najeriya ba su kai 400,000 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma ofishin yanki a karkara na kula da ƙauyuka masu nisa da juna da mutane ƙalilan. A ganinsu, ɗan sandan da ke akwai a tsayar da shi a ƙofar makaranta. Amsar ita ce awa ɗaya a aji ba ta rage gadi, kuma jami'in da aka girke a makaranta ya riga ya zama maƙwabcin ɗaliban, saura a koya masa yadda zai yi magana da su.

Limamai da fastoci kuwa sun daɗe suna wa'azi a kan maye. Gibin da ke akwai shi ne mai shan tiramadol don noma ba ya jin wa'azin da shi ake, tunda a ganinsa magani yake sha. Sai an ambaci abin da sunansa a kan mumbari.

Waɗanda ba sa aji

Kebbi na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makarantar boko, kuma rashin tsaro ya ƙara yawansu a kudancin jihar. Akwai 'ya'yan 'yan gudun hijira da suka taru a manyan garuruwa, da almajiran tsangayu, da yaran rugage, da masu koyon gyaran babur da faci, waɗanda sholisho ke gabansu yini guda. Su ne suka fi kusa da haɗari, kuma laccar zauren taro ba ta isa gare su.

'Yan mata ma ana yawan mantawa da su. Shaye-shayen mace a ɓoye yake, a ɗaki ko a gidan biki, kuma kunya da tsoron rasa mijin aure na hana iyali neman taimako. Wannan aiki ne na 'yan sanda mata da malamai mata da ungozomomi da malaman Islamiyya da ƙungiyoyin mata na majami'u.

In yaro ya riga ya faɗa

Faɗakarwa na tono waɗanda suka riga suka fara, don haka dole a san inda za a kai su. A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su saboda shaye-shaye, don ba su ga wata ƙofa ba.

Jaraba cuta ce da ake magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato, NDLEA kuma na da sassan ba da shawara a ofisoshinta na jihohi da layin waya na kyauta. Amma daga Wasagu zuwa Kware tafiya ce mai nisa da tsada. Abin da ya fi kusa shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin Zuru da Ribah da Wasagu da ƙananan cibiyoyin lafiya su iya gane matsalar da wuri, su ba da shawara, su tura mai tsanani gaba.

Aikin da ke gaba

Ɗan sanda na da gurbi a aji, amma ba shi zai ɗauki kayan shi kaɗai ba. Darasin mako-mako na malami ne, da manhajar da aka riga aka gwada, a fara tun ƙarshen firamare da farkon ƙaramar sakandare, cikin Hausa da harshen gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baturen 'yan sanda na yanki ya ware jami'i ɗaya ko biyu, ciki har da mace, ɗan ƙasa in da hali, ya zama shi ne fuskar da yara ke gani zango bayan zango. Ya zo ba da bindiga a hannu ba, ya faɗi gaskiya ba ƙari, ya bar yara su yi magana fiye da shi. A kuma yi yarjejeniya a fili cewa abin da ɗalibi ya faɗa don neman taimako ba zai zama dalilin kama shi ko korarsa ba.

Babban darasin da ɗan sanda zai koyar kuwa a waje yake. Ranar da aka rufe shagon da ke sayar wa yara ƙwaya, tare da NDLEA da hukumar kula da masu sayar da magani, aka kai mai shi kotu bai dawo washegari ba, kowane yaro a garin zai ji, har da wanda bai taɓa shiga aji ba. Hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan kabu-kabu sun san masu sayarwa, kuma za su faɗa in sun tabbata asirinsu a rufe yake.

Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa ne, ya san abin da horar da malami ɗaya ke haifarwa. Kuɗin horar da malamai biyu-biyu a makarantun Danko-Wasagu da buga musu littattafai bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da ake kashewa a kan tsaro. A daina auna nasara da yawan ɗaliban da suka halarci taro. A auna ta da yawan malaman da aka horar, da shagunan da aka rufe, da yaran da suka nemi taimako suka samu kuma suka ci gaba da karatu. Al'ummar da ta ba Najeriya dubban 'ya'yanta su tsare ta ta cancanci a tsare mata nata 'ya'yan, kuma a fara daga zangon karatu mai zuwa.